Gwangwani Ɗaya a Bangon Baba

Gidan gona, arewa da Maurice, Iowa
9 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Arlen,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Corinne da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku cikin ruwan saman Oregon da ba ya ɗaukewa, ya kuma ba 'yarka Tessa sa'a a jarrabawar da na ji tana shiri. Mu muna nan yadda ka san mu a Fabrairu. Sanyi ya ɗan saki a farkon mako, tsakar gida ta zama taɓo, yanzu kuma ya dawo da ƙarfinsa. Maigidana Verlyn ya warke daga murar da ta kwantar da shi, ya koma damuna da surutu, ka ga lafiya ta samu ke nan. Gwaggo Tena ta cika tamanin da huɗu ranar Asabar, ta ce in gaya maka katinka ya iso amma ba ta ga mai katin ba. Ƙugun Baba yana haɗuwa, likita ya ce zuwa bazara zai iya hawa tarakta. Iyakar labari mai daɗi da nake da shi ke nan, na kuma sa shi a gaba ne don Mama ta koya mana ba a fara wasiƙa da faɗa. To, na gama gaisuwa.

Na kira wayarka sau huɗu cikin makon nan, kullum na'ura ce ke amsa mini da muryarka mai sanyi, wai in bar saƙo. Saƙon da nake da shi ba zai shiga na'ura ba, shi ya sa na ɗauko takarda. Raina a ɓace yake, Yaya, irin ɓacin da ban taɓa yi da kai ba. Ƙanenmu Lyle zai bar gona ranar ɗaya ga Maris. Ya karɓi aikin tuƙin babbar mota a wurin wan matarsa a Nebraska, matar tasa Twila ma ta fara naɗe kwanuka a jarida. Yau sati huɗu ke nan Baba bai ce masa ko sannu ba. Autan da bai taɓa kwana uku a jere a wajen gonar nan ba, shi ne zai tattara ya tafi da laifin da ba nasa ba. Kai ka san laifin wane ne, ni ma yanzu na sani. Amma tun da ka nuna kamar ka manta, bari in tuna maka daga farko, kada ka ce ƙanwarka ta yi maka ƙazafi.

Ka tuna ranar bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba, da ka iso da buhuna shida a bayan motar haya, ka ce kyautar Baba ce. Lokacin kwanansa goma da aikin ƙugu, muka zaunar da shi a kujerarsa da matashi biyu. Tun kafin a yanka talotalo ka buɗe mana aji. Ka ce bitamin E ɗin da muke zuba wa aladu shekara da shekaru haɗin masana'anta ne, wai cikin kashi takwas na abin da ke ciki ɗaya ne kawai yake daidai da wanda Allah ya halitta, sauran jikin dabba ya karɓi wasu da ƙyar, ya zubar da wasu. Ka ce naka daga man waken soya aka tatso shi, jini yana kama shi, yana sauka a dakashi da nono ya isa cikin 'ya'yan tun ranar farko, ƙarfinsa kuma ya ninka na wancan. Ka yi ta bayani har romo ya huce. Baba kuwa baki har kunne, yana zungurar Verlyn yana cewa, "Ka ji ko? Wannan fa ba hirarmu ta tsofaffi a teburin kofi ba ce, Dakta ne ke magana." Ni ma, kada in yi ƙarya, na ji daɗi.

Mutum ɗaya ne ya yi tambaya. Lyle ya ajiye cokali ya ce shi fa ya buɗe buhu ɗaya ya damƙi garin, ya ji shi sakayau kamar garin madara, tsohon kuwa nauyi gare shi kamar yashi, ko za a ɗora a sikeli tukuna a gani. Ka tuna amsar da ka ba shi? Ni ban manta ko kalma ɗaya ba. Ka ce, "Kai Auta, kai da ka maimaita aji huɗu saboda lissafi, yau ni za ka koya wa awo? Bar mini lissafi, kai dai riƙe shebur." Kowa ya kwashe da dariya. Baba ya yi har ya dafe ƙugu, Corinne ta yi, Verlyn ya yi, ni ma na yi, kuma dariyar nan tawa ita ce ta fi damuna yanzu. Lyle ya yi murmushin nan nasa ya ce, "To Farfesa, kai ka sani," ya ja kwanon dankali. Da aka gama ci kuka fita ɗakin niƙa ku biyu. Mu muna wanke-wanke, Baba kuma ba ya iya sauka matakala, don haka ba wanda ya ga abin da aka yi a can sai ku.

Ba sai na gaya maka matsayin bangon ɗakin niƙa a gidan nan ba. Tun kafin a haife mu duk haɗin abincin aladu a jikinsa yake, da fensirin kafinta, na masu ciki daban, na masu shayarwa daban, na 'yan yaye daban. Doka ɗaya Baba ya kafa: wanda ya canza lamba ya sa sunansa da kwanan wata a gefe, in ta yi kyau a san wa za a gode wa, in ta ɓaci a san wa za a tambaya. Layin bitamin kuwa ka san tarihinsa. Tun shekarar da aladu suka yi ta faɗuwa muna yara, likitan dabbobi na lokacin ya ce masarar da ake zubawa a rumbu da danshinta tana rasa bitamin ɗinta, sai an ƙara daga waje. Baba ya auna sau ɗaya rak, ya ga jan gwangwanin kofi cike yana ɗaukar laba uku, ya rubuta gwangwani biyu a kowane niƙa, shi ke nan. Shekara talatin da wani abu ba wanda ya sake aunawa, don garin bai canza ba, gwangwanin bai canza ba. Duk mun tashi muna ɗaukar gwangwanin nan sikeli, har da kai mai digiri uku.

Bayan Sabuwar Shekara aka fara. Ka san bana kaka ta zo da ruwa, masara ta shiga rumbu a jiƙe fiye da kowace shekara. Litinin ta farko cikin Janairu na shiga ɗakin 'yan yaye da safe na tarar da biyu a miƙe kusa da kwanon abinci. Ba tari, ba zawo, ba rama. Kuma ba tsumburarru ba ne, Yaya, manyan garke ne, masu sheƙi, waɗanda suka fi kowa ci da girma. Washegari uku. Ranar Alhamis Lyle ya buɗe ƙofa da ɗan ƙarfi, suka firgita suka ruga, ɗaya ta yi ƙara sau ɗaya ta faɗi a gaban idonsa. Sai abin ya shiga ɗakin haihuwa. Na yi wa jarirai allurar ƙarin jini a kwana na uku da haihuwa kamar kullum, kafin tsakar rana rabin 'ya'yan uwa ɗaya sun mutu a hannuna, da ɗuminsu. Kwana biyu ina ganin ni na kashe su. Arba'in da uku muka jera wa motar kwasar mushe, cikinsu har da mata bakwai da muka ware don su gaji iyayensu, zuriyar Griet, baƙar uwar aladen da Baba ya saya shekarar da ya auri Mama. Da direban ya zo karo na uku bai ma yi mini tsokanar da ya saba ba.

Likitar dabbobinmu, Dakta Huitink, ta zo ta buɗe guda uku a bayan motarta. Ta nuna mana zuciyar, duk ta yi ɗige-ɗigen jini, ruwa ya taru kewaye da ita. Ta ce ba annoba ba ce, ƙarancin bitamin E ne, shi ke cin naman zuciya, ya fi kuma kama masu saurin girma, shi ne kuma ke sa jariri ya kasa ɗaukar allurar ƙarin jini in bai samu daga nonon uwa ba. Ta dafa ni ta ce ba hannuna ba ne. Lyle ya kawo mata buhunka, ta duba ta ce kaya ne mai kyau, ita ma shi take so a ba masu shayarwa, ba ta ja da cewa ya fi na masana'anta shiga nono. Ka ji, ban rage maka komai ba. Amma ta ce, "Na tsiro ko na masana'anta, Marlys, alade ba ya karanta buhu. Abin da ya shiga cikinsa ya sani, kuma waɗannan abin da ya shiga bai kai ba." Ta ce da shekarar busasshiyar masara ce wataƙila da mun tsira ba mu ma sani ba. Ta yi wa garken allura, ta ce mu koma tsohon gari da tsohon awo har a gane, cikin kwana biyar mutuwa ta tsaya.

Ranar da sakamakon jini ya dawo, Baba ya sa aka kira Lyle kicin, ina tsaye a bakin murhu. Ya tambaye shi gwangwani nawa yake zubawa. Lyle ya ce ɗaya. Baba ya ce bango ya ce biyu, wa ya ce ɗaya. Lyle ya dubi takalminsa ya ce wai kai ka ce masa ya bi takardar buhu ya auna, shi ne ya yi ƙiwa ya kimanta da ido. Nan take na ji maganar ba ta zauna mini ba. Mutumin da ya nemi sikeli a gaban kowa, shi ne ƙiwa za ta hana awo? Amma Baba ranar bikin maganin ciwo ne cike da kansa, bai riƙe komai ba sai cewa Dakta ya yi magana. Na buɗe baki, Lyle ya yi mini wani kallo, na rufe. Baba ya ce a miƙo masa sandarsa ta dogarawa. Ranar ce ya fara taka tsakar gida tun bayan aikin, cikin ƙanƙara, muna biye da shi. Ya shiga ɗakin niƙa ya tarar an shafe layin bitamin da sabuwar farar ƙasa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce, "Ka kashe mini aladu, na ji. Amma ka shafe hannuna don ka ɓoye? Wanka ya kawo maka ilimi har gida a cikin buhu, ka kasa karanta bayan buhun. Shekara talatin da takwas, ashe raggo nake ciyarwa." Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu.

Washegari Baba ya aiki Verlyn gari ya sayo kwaɗo. Ɗakin da bai taɓa sanin kwaɗo ba tun zamanin Kaka, yau a kulle yake, makulli a aljihuna, ni da Verlyn muke niƙa. Lyle kuwa an bar masa wanke dabe da kwasar kashi, aikin da muke yi muna 'yan shekara goma. A coci Baba yakan ajiye hularsa da sandarsa daidai inda Lyle yake zama tun yana yaro, har su Lyle suka koma benci na baya kusa da ƙofa. Ka san garinmu, ba wanda ya ce uffan, ba kuma wanda bai gani ba. Shan kofin bayan coci kuwa, na jera kofuna kamar kullum, Baba ya ɗauki na Lyle, mai tsagaggen hannun nan, ya mayar cikin kabad da kansa. Twila ta tare ni a wurin ajiye motoci ta ce, "Marlys, ku riƙe gonarku da Daktanku. Mijina ba jaki ba ne da za a yi ta yi masa lodi yana shiru." Fasto ya zo sau biyu, Baba ya ba shi kofi da biskit, ya yi masa hirar sanyi, ya raka shi ƙofa.

Litinin ɗin nan da ta wuce na buɗe ɗakin niƙa da safe. Iskar kudu ce take busawa, ƙanƙarar kan rufi tana ɗiga, bangon duk ya yi gumi. Kai ma ka sha shafa farar ƙasa kana yaro, ka san halinta: in ta bushe fara ce fat, in ta jiƙa sai a ga abin da ke ƙarƙashinta. Na ɗaga kai don in duba awon waken soya, sai ga rubutu ya fito ta cikin farin. Biyun Baba tana nan, ba wanda ya goge ta, layi kawai aka ja a kanta. A gefe an rubuta ɗaya, ƙatuwa. A ƙasa an sa "rabi ya isa". Sannan ga suna, Arlen, da doguwar wutsiyar nan da kake ja a ƙarƙashin sunanka tun kana aji shida, da kwanan wata, 24 ga Nuwamba. Ka bi dokar Baba sarai, ka sa hannu. Na zauna a kan buhun gishiri ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, injin yana ta juyawa ba komai a cikinsa.

Da na tashi, gida na nufa na ɗauko ƙaramin sikelin Mama na awon fulawa, wanda take yi mana kek ɗin almon da shi lokacin Kirsimeti. Na cika jan gwangwani da tsohon gari, na shafe bakinsa da yatsa yadda Baba ya koya mana, na ɗora: laba uku cif. Na juye, na cika da naka: laba ɗaya da rabi. Na karanta bayan buhun, ya ce a zuba rabin nauyin da ake zubawa na masana'anta. Nauyi, Yaya, ba gwangwani ba. Rabin laba shida uku ne, ni da ban je jami'a ba na san wannan. Laba uku na garinka kuwa gwangwani biyu ne. Ka gane? Da ka ajiye buhunanka ka ci talotalonka ka koma Oregon ba ka taɓa fensir ba, da Lyle ya ci gaba da zuba biyu yadda ya saba, da komai ya tafi daidai, da yanzu ana yabonka da gaskiya. Garin da kansa ya riga ya raba, kai kuma ka zo ka sake rabawa. Sati bakwai muna ba su rabin abin da suke bukata, a shekarar da masara ba ta da nata. Awon bai ci mini minti biyar ba, kuma shi ne minti biyar ɗin da Lyle ya roƙa muka yi masa dariya.

Na same shi a ɗakin haihuwa yana wanke dabe da tiyo, na kashe famfo na ce ya dube ni. Bai yi musu ba. Ya ce tun ranar da Dakta Huitink ta nuna mana zuciyar nan ya gane, ya je ya dama farar ƙasa. Na ce don me, don Allah, don me. Ya ce, "Yaya Marlys, me ya rage wa tsohon nan? Mama ta tafi, ƙafa ta ƙi, rabin abokansa suna maƙabarta. Abu ɗaya yake kai wa teburin kofi a gari ya ɗaga kai, ɗansa Dakta. Ni in an zage ni ai ba sabon abu ba ne, ya saba, na saba." Ya ce kuma ai shi ma da hannunsa a ciki, tun da kullum yana jin garin sakayau bai auna ba, don kunyar dariyar nan. Sannan ya gaya mini abin da ya sa nake rubutun nan. Ya ce ya kira ka a ranar, ka ɗauka, ya gaya maka komai, har shafe bangon. Wai ka ce irin wannan al'amari yana da dalilai da yawa, kada a yi gaggawar yanke hukunci, za ka bincika ka kira shi. Sati huɗu da wani abu ke nan, Yaya. Binciken bai ƙare ba?

Ka ji ni da kyau. Ba kuskuren ne ya ƙona mini rai ba. A gidan nan wa bai taɓa yi ba? Baba da kansa ya taɓa barin fankar ɗaki a kashe ranar zafi, ni na taɓa haɗa namijin alade da 'yarsa don na karanta tsagar shaida ta kunnensu a juye. Ba kuma garinka nake zagi ba, mun koma kansa tun Talata, gwangwani biyu, da izinin likita. Ko na tsiro ya fi, ko na masana'anta ya fi, ku je ku yi ta gardamarku a jami'a. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ka san ƙanenka ya shiga gabanka ya tare maka, kai kuwa ka gyara tsayuwa a bayansa. Ka aiko wa Gwaggo kati, ka aiko wa Baba hoton ɗanka Bram riƙe da kifi, ba ka ko tambayi yadda aka ƙare ba. Shekara ashirin da biyar kana zuwa sau ɗaya a shekara da takalmi mai tsabta, a yanka maka wanda ya fi ƙiba, shi kuwa ranar Kirsimeti ma sai ya ba aladu abinci kafin ya ci nasa. Ban taɓa jin haushin wannan ba, kowa da rabonsa. Amma a ce mai zuwa sau ɗaya ya kori mai zama kullum, da fensir, wannan ban yarda ba, ba kuma zan yarda ba.

Yanzu ga saƙon da aka ba ni, don ba ni kaɗai ce mai wasiƙar nan ba. Jiya da rana Baba ya gan ni da takarda ya tambayi wa zan rubuta wa, na ce kai. Sai fuskarsa ta saki, karo na farko cikin wata guda. Ya ce in gaishe ka, in ce kada ka damu, kayanka ba su da laifi, likita ma ta yaba. Ya ce in ba ka haƙuri a madadin gidan nan, an ɓata maka kyauta. Wallahi haka ya ce, in ba ka haƙuri. Sannan ya juya kofinsa, ya ce in tambaye ka, kai da ka san abubuwa, shin mutum zai iya yin irin wannan kuskure ba don lalaci ba. Ya ce shi ya kasa gane yadda yaron da bai taɓa barin alade ɗaya da ƙishirwa ba zai yi haka, abin ya hana shi sakat. Ya ce, "Tambayi Arlen. Duk abin da ya ce na yarda, shi ba ya yi mini ƙarya." Tsohon nan so yake ya sauko, Yaya, girman kai ne ya hana shi saukowa shi kaɗai. Na ce masa zan rubuta, ga shi na rubuta.

Lyle ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa Baba ba, zan kuma cika. Takardar nan za ta iso ka kafin Talata. Na ba ka har Lahadi, 19 ga wata. Ka san lokacin da muke dawowa daga coci, ka san wayar tana bangon kicin kusa da kujerarsa. Ba na son jawabi, ba na son dalilai da yawa. Ka ce masa, Baba ni na rubuta ɗaya, Lyle ya ce a auna na hana. Zai ji zafi, na sani, wataƙila ya yi sati bai leƙa teburin kofi ba. Amma in daga bakinka ya ji, zai san ɗansa ya yi kuskure ya kuma faɗa, wannan zai iya haɗiyewa. In kuwa a bango ya gani, abin da zai sani shi ne ɗansa ya yi kuskure ya ɓuya a bayan ƙanensa, ban kuma san ko zai iya ɗaukar wannan a shekarunsa ba.

Ka gaishe mini da Corinne da kyau, ka ce na gode da irin furannin da ta aiko, ba ruwanta da faɗan nan. Ka gaishe da Tessa da Bram, ka ce gwaggonsu tana kewarsu. Verlyn yana gaishe ka, Gwaggo Tena tana gaishe ka. Twila ba ta ba ni gaisuwa ba, ba kuwa zan ƙirƙira mata ba. Lyle, da na ce zan rubuta maka, cewa ya yi in ƙyale ka, kana da aiki da yawa, in dai gaishe ka. To ga gaisuwarsa, ka san yadda za ka yi da ita. Bango ya sake bushewa tun da sanyi ya dawo, ya koma fari fat kamar ba komai a ƙarƙashinsa. Amma na ajiye bokitin ruwa da tsumma a bayan ƙofar ɗakin niƙa. In muka gama kofi ranar Lahadin da na ce wayar ba ta yi ƙara ba, ba zan ce komai ba. Zan miƙa wa Baba sandarsa ne kawai, in ce ya raka ni. Allah ya ba ka irin ƙarfin zuciyar da ya ba Auta.

Ƙanwarka da take ƙaunarka har yanzu, ko da yake yau da ƙyar,
Marlys